RA'AYINMU: Wa Zai Duba Takardar Makaho?

A hutun da ya wuce, ɗaya daga cikinmu masu shirya wannan mujalla ya je gida Toranke, a ƙasar Ajingi, ya komo mana da wata takarda mai kauri. Ba rubutun tawada a jikinta, sai ɗige-ɗige masu tudu jere layi-layi, kamar sawun shuka bayan ruwan farko. Takardar jarrabawar Hausa ce ta wani ƙanensa, yaro ɗan shekara goma sha huɗu, wanda ƙyanda ta tafi da idanunsa tun bai kai yaye ba. Yaron ya yi firamare a makarantar kwana inda ya koyi rubutun makafi, watau birel, sa'an nan aka sa shi wata sakandare tare da masu gani. Ba za mu ambaci sunan makarantar ba, gama abin da ya faru a cikinta ba ita ta ƙirƙiro shi ba. A saman takardar akwai maki da jar biro, maki mai kyau kuwa. Da wansa ya tambaye shi wanda ya duba, sai ya ce babu. Malam ne ya kira shi ofis ya ce, "Karanta mini abin da ka rubuta." Ya karanta, malam ya sa maki. Haka ake yi shekara biyu ke nan.

Mun kai takardar nan wurin wani ɗan'uwanmu ɗalibi makaho a nan Jami'a. Ya ɗora yatsu a kai ya fara dariya, can sai dariyar ta tsaya. Inda yaron yake nufin wake ya rubuta rake, inda yake nufin hira ya rubuta jira, dama kuma ta koma fama. Da yake shi ya san abin da yake nufi, in ya zo karantawa bakinsa yana faɗin daidai, yatsunsa suna wucewa ta kan kuskure, malam kuwa yana gyaɗa kai.

Abin da ya fi ɗaure mana kai shi ne, makarantar ba ta rasa malamin ilmi na musamman ba. Akwai shi, da takardarsa ta NCE, kuma aikinsa ne ya karɓi irin wannan takarda ya rubuta fassararta da biro a tsakanin layuka don malamin darasi ya duba. Abokin namu ya je gaishe shi. Mutum ne mai kirki, bai ɓoye kome ba. Ya ce ya koyi birel a kwaleji, ya ci jarrabawa, amma da aka ɗauke shi aiki sai aka ba shi wani darasi dabam, ya yi shekara fiye da goma bai riƙe allon birel ba. Ran da aka kawo masa yaron ya duba takarda ya ga ba ya gane kome sai 'yan haruffa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ko har yanzu ya iya, ba kuma wanda ya taɓa kiransa kos ya sabunta. Takardar shaidarsa na nan ba ta tsufa, hannu ne ya manta.

Kafin mu ci gaba, ga wata 'yar magana. Mun san yanzu a ofis-ofis ana cewa "masu lalurar gani" ko "masu buƙata ta musamman", kuma ba mu ƙi ba. Amma 'yan'uwanmu da abin ya shafa suna kiran ƙungiyarsu Ƙungiyar Makafi, garuruwanmu kuma da Sarkin Makafi tun kaka da kakanni. Mun ga sauya suna ya fi sauya hali sauƙi, saboda haka za mu bi yadda suke kiran kansu.

Yawancinmu ba mu san yadda rubutun nan yake ba, shi ya sa muke zaton ko tsafi ne ko kuwa wasa. Louis Braille Bafaranshe ne, an haife shi a 1809, ya soki idonsa da basilla a shagon ubansa badukun sirdi yana ɗan shekara uku, ciwon ya kama ɗayan, ya makance. Yana ɗalibi a makarantar makafi ta Faris ya tsara wannan rubutu a 1824, ya buga shi a 1829, ya rasu a 1852, ƙasarsa ba ta amince da shi a hukumance ba sai 1854. Tushensa gida guda ne mai gurbin ɗigo shida, uku a hagu uku a dama, daidai faɗin da kan yatsa zai rufe. Daga cikin shidan nan ana iya fitar da siffa 63, kuma da su ake rubuta kome: haruffa, lambobi, alamomin tsayawa, lissafi, har da kiɗa. Lambobi ba su da siffa tasu; haruffa goman farko ne, daga a zuwa j, ake sa musu wata alama a gaba su zama 1 zuwa 0. Wanda ya manta alamar nan ya mai da kuɗi magana.

Kuskuren ƙanen abokinmu ma yana da dalili, kuma duk malamin da ya san aikinsa zai gane shi da kallo ɗaya. Mai rubutu da allo da tsinke yana huda takarda ne ta baya, saboda haka yana farawa daga dama zuwa hagu, kowane harafi a juye, sa'an nan ya birkita takarda ya karanta daga hagu zuwa dama. To, akwai haruffan da kowanne inuwar ɗan'uwansa ne a madubi: d da f, h da j, e da i, r da w. Yaron da ba a bin bayansa sai ya fara musanya su, in ya daɗe a haka kuwa ya zauna masa a yatsa. Gyaran mako biyu ne in an kama da wuri. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Amma yaya wanda bai iya bambanta d da f ba zai gyara wa wani?

Nan ne matsalar take. Makaho yana karanta birel kullum domin ba shi da wani rubutu. Malami mai gani yana karanta shi da ido, kuma ba abin da ke tilasta masa sai aiki. In aikin ya yanke, ilmin ya bushe kamar rijiyar da aka daina ja. Wannan ba lalaci ba ne, halin abin ne. Duk wanda ya koyi gajeren rubutun sakatarori ko buga tafireta ya bari ya san haka. Saboda haka duk tsarin ba da shaida da ya ɗauka cewa wanda ya ci birel sau ɗaya yana ɗan shekara ashirin da biyu ya iya har ran da zai yi ritaya, tsari ne da aka gina a kan abin da ba haka yake ba.

Ba yau aka fara koyar da makafi boko a ƙasar nan ba. Makarantar makafi ta Gindiri, a Jihar Filato ta yanzu, mishan suka buɗe ta a 1953. Ta Pacelli a Legas ta biyo a 1962. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta keɓe wa ilmi na musamman babi guda, a shekarar nan kuma Gwamnatin Tarayya ta kafa kwalejin horar da malaman wannan fanni a garin Oyo. Jami'o'in Ibadan da Jos suna da sassan ilmi na musamman, haka ma Jami'ar Bayero a Kano. A cikin birnin Kano akwai makarantar Tudun Maliki ta kurame da makafi, Katsina tana da makarantar makafi, Kaduna da Sakkwato su ma suna da nasu makarantun na musamman. Watau ba a zauna ba. Amma a dubi inda yawancin waɗannan suke: manyan birane. Uban da ke Toranke ko Balare ko Gafasa, in Allah ya ba shi ɗa makaho, zaɓinsa biyu ne. Ko ya ɗauki yaro ɗan shekara shida ya bi ta Gaya da Wudil ya kai shi birni ya baro a hannun baƙi, ko ya bar shi gida. Mun san wanda yawanci ke zaɓa, musamman in mace ce, kuma ba za mu yi saurin ganin laifinsu ba. Mun kuma san inda yaron da aka bari yake ƙarewa: bakin kasuwa, da ɗan jagora a gaba wanda shi ma karatunsa ya salwanta. Makaho ɗaya, yara biyu.

Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta zo da niyyar rufe wannan rata. Ta ce makarantun gwamnati su karɓi kowa, ta ce kowace ta sami aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da karatun naƙasassu, ta kuma ce a sa birel da maganar hannu ta kurame a cikin manhaja. Magana ce mai kyau. Sai dai duka nauyinta ya rataya a kan kalma ɗaya, "horarre", kuma kalmar nan ba ta da ma'auni. Makarantar da muka ba da labari ta cika sharaɗin doka tsaf. Tana da horarre. An yi ba a yi ba.

Mu dubi abin da takardun malami ke shaidawa a yau. Mafi ƙarancin takardar koyarwa ita ce NCE. Bayanta akwai rajista da Hukumar Rajistar Malamai ta Nijeriya, wadda aka fi sani da TRCN, da aka kafa da doka ta 31 ta 1993. Hukumar ta kasa malamai gida huɗu bisa ga takardunsu: masu digirin dakta, masu digiri na biyu, masu digirin farko, da masu NCE. Tun 2017 tana yin jarrabawar cancanta a kan kwamfuta kafin rajista, tana ba da lasisi da ake sabuntawa duk shekara uku, tana kuma da ƙa'idar cewa malami ya riƙa ƙaro ilmi yana cikin aiki. Duk wannan ci gaba ne, kuma mu da muka ga abin da ɗaukar malamai barkatai ya yi wa firamaren da muka fito ba za mu raina shi ba. To, amma jarrabawar zaɓi-ɗaya-cikin-huɗu a kan tarihin ilmi da dabarun koyarwa ba za ta nuna ko mutum zai iya karanta shafin birel ba. Rukunin lasisi yana faɗin tsawon karatun malami ne, ba ya faɗin abin da hannunsa ya iya. Ba a ba direba lasisi don ya amsa tambayoyi a kan tarihin mota. Sai ya hau ya tuƙa an gani. Me ya sa za a damƙa wa mutum karatun yaro gaba ɗaya ba tare da an ce masa "zauna ka rubuta mu gani" ba?

Ko da a ce hannu ba ya mantuwa, akwai dalili na biyu da ya wajabta ƙaro ilmi: rubutun kansa ya sauya. Birel na Ingilishi hawa biyu ne. Na farko harafi-harafi ne. Na biyu, wanda da shi ake buga littattafai da takardun jarrabawa, yana da taƙaitawa kimanin 180, inda siffa ɗaya ke tsayawa a madadin kalma ko gaɓa. Da can Ingila da Amurka kowa da nasa ƙa'idojin, lissafi da kimiyya kuma da nasu dabam. A 2004 majalisar ƙasashen da ke amfani da birel na Ingilishi ta amince da haɗaɗɗen tsari guda, UEB. Nijeriya tana cikin ƙasashen farko da suka karɓe shi, a 2005, tun kafin Ingila ta karɓa a 2011, tun kafin Amurka ta fara aiki da shi a 2016. Abin alfahari ne. Amma sabon tsarin ya soke taƙaitawa tara da aka saba da su, ya sauya wasu alamomin rubutu, ya kuma shigo da lissafi cikin tsari ɗaya da sauran karatu. Malamin da ya gama kafin 2005, ko wanda ya koya a hannun wanda ya gama kafin nan daga tsofaffin littattafan da aka yi sadaka da su daga ƙasashen waje, zai koya wa yaro tsohon hannu, yaron ya tarar da sabo a ɗakin jarrabawa. Tun 2017 Hukumar JAMB take shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a ta musamman, Kano na cikin garuruwan da ake yi. An buɗe ƙofa ke nan. Amma wanda zai shiga sai ya iso da ƙafafunsa, ƙafafun nan kuwa a aji ɗaya na firamare ake yin su.

Daɗin daɗawa, yaron Toranke ba birel ɗaya yake bukata ba. Yana bukatar na Hausa, inda haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suke da nasu alamomin, don kada ɓari ya koma bari. Yana bukatar na Ingilishi mai taƙaitawa. Yana bukatar na lissafi. Yana kuma bukatar na Larabci, wanda, abin mamaki, daga hagu zuwa dama ake karanta shi, wasula kuma a jere suke zuwa bayan baƙi maimakon sama da ƙasa. Wannan na ƙarshe shi ne iyaye a ƙasar Gaya za su fara tambaya, kuma shi ne zai sa uban da ke shakka ya saki ɗansa. Al'ummarmu ta daɗe da sanin makaho mahaddaci, makaho mai wa'azi, makaho mawaƙi; ba wanda zai yi maganar rubutattun waƙoƙin Hausa ya tsallake Malam Aliyu Namangi na Zariya, mai Imfiraji. Amma duk girmansa sai da wasu suka riƙe masa alƙalami. Abin da birel ya kawo shi ne makaho ya riƙe nasa. Malamin da aka horar a kan Ingilishi kaɗai aka turo shi Ajingi ya zo da kwata na kayan aiki.

Wasu ƙasashe sun riga mu gane wannan. A Ingila, wanda zai riƙe ajin yara makafi dole ya sami wata shaida ta musamman a kan ta koyarwa da yake da ita, ana ba shi shekara uku ya same ta, kuma iya birel mai taƙaitawa na cikin sharuɗɗanta. A Amurka akwai jarrabawar ƙwarewa a UEB wadda shaidarta shekara biyar take yi ta mutu, sai an sake neman ta. Ba mu ce a kwaso tsarinsu a kife mana ba. Su suna da na'urar Perkins, mu kuwa takarda mai kaurin ma wuya take yi. Abin ɗauka a wurinsu guda ne: sun raba takardar karatu da shaidar iya aiki, sun kuma sa wa ta biyun wa'adi.

Mun tattauna wannan magana da 'yan'uwa da dama kafin mu rubuta, kuma ba kowa ya yarda da mu ba. Wajibi ne mu faɗi abin da suka ce.

Wasu sun ce malaman ba su da yawa, in aka tsananta sharaɗi 'yan kaɗan ɗin ma za su gudu, ƙauye ya tashi a tutar babu. Wannan magana tana da nauyi, kuma da nufinmu a kori wanda ya faɗi ne da mun janye. Ba haka muke nufi ba. Wanda ya faɗi a koya masa, ya sake. Amma a daina lissafa shi cikin malaman birel har sai ya ci, domin lissafin ƙarya ya fi rashi illa: Ma'aikatar Ilmi tana duba takarda ta ga an tura malami, ta rufe fayil, yaro kuwa yana can yana duba wa kansa jarrabawa. Gara a rubuta "babu" a inda babu, ko wata rana wani ya ji kunya.

Wasu kuma, musamman 'yan'uwanmu na sashen kwamfuta, sun ce birel ya zama tsohon yayi, tun da wayar hannu tana karanta wa makaho kome da murya. Lalle wayar nan alheri ce, ɗalibai makafi a nan ba sa rabuwa da ita. Amma ji dabam, karatu dabam. Kunne ba ya nuna maka yadda ake rubuta kalma, ba ya nuna inda jimla ta tsaya, ba ya jera maka lissafi ka bi shi hawa-hawa. Wanda ya ce ɗan makaho ya wadatu da saurare, mu tambaye shi ko zai yarda a hana nasa ɗan fensir a ba shi rediyo. Ban da haka, muryoyin nan sun fi ƙwarewa a Ingilishi, kuma sai da caji, wanda duk mutumin ƙauye ya san kuɗinsa. Allo da tsinke ba sa neman lantarki.

Sukar da ta fi damun mu ita ce ta uku, domin gaskiya ce tsagwaronta. An ce da zarar an ambaci ƙaro ilmi, abin da zai biyo baya shi ne bita ta kwana biyu a otal, jaka da biro, jawabin babban baƙo, kuɗin mota, sa'an nan a raba satifiket ga duk wanda ya sa hannu a rajista, har da waɗanda aka zaɓo don sanayya ba don suna da makaho a aji ba. Dukanmu mun ga irinta. In haka za a yi, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Maganinta ɗaya ne: kada halarta ta zama shaida. Shaida ita ce abin da malami ya fita da shi. A miƙa masa shafin da bai taɓa gani ba ya karanta cikin ƙayyadadden lokaci. A yi masa shifta da Hausa da Ingilishi ya rubuta da allo da tsinke, ya kuma buga da na'ura. A ba shi takardar yaro mai kurakurai ya zaƙulo su ya faɗi dalilin kowanne. A sa shi ya rubuta lissafin aji shida. Rabin yini ya isa. Ba a iya sayen wannan da sanayya, domin ɗigo ko yana nan ko ba ya nan.

Saboda haka muna kira ga TRCN da Hukumar Kula da Kwalejojin Ilmi ta Ƙasa su haɗa kai da sassan ilmi na musamman na jami'o'i da Ƙungiyar Makafi su tsara wannan jarrabawa ta aiki, a riƙa rubuta sakamakonta a jikin lasisi, a kuma ɗaura sabunta ta da sabunta lasisin, tun da shekara ukun nan suna nan a ƙa'ida. Ba sai an kafa sabuwar hukuma da sabbin motoci ba. Jihar Kano kuwa, wadda ta shelanta ilmi kyauta kuma dole a 2019, ta kuma ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilmi a 2024, ba ta bukatar jiran Abuja. Hukumar Ilmin Bai-Ɗaya ta jiha tana iya farawa da nata malaman. A yi kos ɗin a dogon hutu, mako uku ko huɗu, a kuma yi shi a shiyya, a ce malaman Gaya da Ajingi da Albasu da Wudil su taru wuri ɗaya kusa da gida. Kuɗin kos da na jarrabawa kada a ɗora wa malamin da albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata. Wanda ya ci a ba shi alawus da zai ji a aljihunsa, a damƙa masa allo da tsinke da takarda, kuma, wannan shi ne babba, a bar shi a kan aikin. A ƙaramar hukuma irin Ajingi, inda yaran suke warwatse ɗaya nan biyu can, malami ɗaya ƙwararre da babur yana zagaya makarantu a kan ranaku sanannu ya fi goma masu takarda da ke koyar da wani abu.

Akwai kuma waɗanda kullum ake mantawa da su in ana wannan lissafi, alhali su ne suka fi kowa iya abin: makafin da suka yi karatu. Ɗan'uwan nan namu da ya karanta mana takardar yaron cikin minti biyar, ba mai gani a sashen da zai kama ƙafarsa. Akwai irinsa da yawa da suka gama sakandare ko NCE ko digiri suna zaune ba aiki. Jarrabawar da muke magana za ta yi musu adalcin da takarda ba ta yi musu ba, domin a nan su ne a gaba. A sa su cikin masu koyarwa a kos, a sa su cikin masu duba jarrabawar. Wanda ya ƙware amma bai kai NCE ba, a ba shi shaidar mai taimaka wa malami, a ɗauke shi, a buɗe masa hanyar ƙarasa karatu yana aiki, kamar yadda Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1976, ta daɗe tana yi wa malamai masu gani. Ba ƙaramin abu ba ne uba a Toranke ya ga makaho ya sauka daga mota da jakar littattafai, yara suna ce masa Malam.

Saura mu. Da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla sun riga sun kama aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma ko a Ma'aikatar Ilmi, wasunmu kuma shekara ɗaya ko biyu ta rage. Takardar da ta ɗauke malamin nan daga birel ta kai shi wani darasi, wani ƙaramin ma'aikaci ne kamarmu ya buga ta, mai yiwuwa bai ko duba abin da mutumin ya karanta ba, gurbi ya gani ya cike. Muna roƙon duk wanda jerin sunayen malamai zai bi ta teburinsa ya tsaya a kan wanda aka rubuta wa ilmi na musamman, ya tambayi fanninsa, na makafi ne ko na kurame, ya kuma tambayi inda yaran suke kafin ya tura shi.

Ɗalibai 'yan ƙasar Gaya da Ajingi kuma, in kun je hutu mai zuwa, ku bi ta wurin mai unguwa da hedimasta ku tambayo mana abu uku: yara makafi nawa ne a garin da suka isa shiga makaranta, nawa ne ke zuwa, kuma wa ke duba rubutunsu. Ku kawo amsa ofishin ƙungiya, za mu buga abin da kuka samo gari-gari, mu kai wa Sakataren Ilmi na kowace ƙaramar hukuma kwafi hannu da hannu. 'Yan'uwanmu makafi na nan Jami'a sun yarda za su riƙa koyar da harufan birel da yammacin Asabar ga duk mai so. Allo huɗu ne kawai a hannu, saboda haka sai a yi rajista da wuri. Takardar yaron kuwa an gyara ta layi-layi, an haɗa da wasiƙa cikin birel, wansa zai kai masa ranar kasuwa.